Leokadia da Maƙwabcinta na Ƙasa

Yau ma na ƙirga: tsibi bakwai,
baƙaƙe wuluk a kan dusar ƙanƙara,
daga gindin tuffa har shingen Bazyli.
Ashe kai sanyi ba ya sa ka barci.
Bushiya ta kwanta, jemage ya kwanta,
kogin Narew ma ya rufe bakinsa.
Kai kaɗai ke aiki a ƙauyen nan, kret.

Shekara talatin da ɗaya Hipolit yana yaƙi da kai.
Ya kifa kwalabe a kan sanduna, iska ta riƙa yi maka kuka.
Ya cusa maka tsumma da kananzir,
da ruɓaɓɓen kan kifi, da gashin karenmu.
Har rediyo ya taɓa binnewa cikin tukunya,
ka sha labaran Warsaw kwana uku,
ka tashi sabon tsibi daf da ita.

Ya ce kai ke cinye masa karas.
Ƙazafi ne, na sani tun a lokacin.
Haƙoranka ba na saiwa ba ne.
Ɓeraye ke bin hanyar da ka haƙa,
su ci, a zagi mai hanya.

Sau ɗaya na riƙe ɗayanku,
ranar da kyanwa ta yar da shi a bakin ƙofa, ta ƙi ci.
Bai cika tafin hannuna ba.
Na shafa gashin gaba, ya kwanta,
na shafa baya, ya kwanta,
karammiskin da ba ya gardama da rami.
Ido kamar kan allura, sai an tona.
Kunne babu ganye.
Hancin jaba, ja, mai laushi,
amma hannuwan!
Faffaɗa, a juye waje, farce cike da ƙasa,
sak hannun babana bayan tonon dankali.

Jikata Jagna mai karatu a Białystok
ta ce kana da rumbu a can ƙasa:
ka kama tana, ka cije mata kai,
ka ajiye ta da rai don ranar babu.
Ta ce yini guda ba ci, sai gawarka.
Ta ce ba ka son baƙo, ko na jininka,
sai 'yan kwanaki in bazara ta shigo,
sannan kowa ya kama raminsa.
Na ce, to, ai na san irin wannan aure.

'Ya'yanku kuma, uwa ke kora in sun yi gashi.
Su fito sarari, makafi da hasken Yuni,
shamuwa na jira a kan doguwar ƙafarta,
mujiya ta karɓi aikin dare.
Wanda ya tsira ya nutse, ba a ƙara ganinsa.
Nawa uku ne. Biyu suna ƙasar waje.

Ban taɓa gaya wa Hipolit ba:
ƙasar tsibinka nake kwasa da asuba
in zuba wa irin tumatir a taga.
Ba tsakuwa, ba gwazarma, lukui kamar gari.
Inda ka ratsa, ruwa ba ya kwana.
Ka taɓa turo min maɓallin soja,
da fasasshen kofi mai shuɗin fure
wanda ba na kakata ba, ba na kowa da na sani ba.

Ranar Lahadi na je wurinsa bayan coci.
Ga tsibi biyu, sababbi, ta wajen ƙafafunsa.
Na ɗaga takalmi zan baje,
sai na fasa.

Ka bi shi a hankali.
Mutum ne mai faɗa, amma yana son ƙasa mai numfashi.
In ya tambaye ka lambu,
ce masa kwalabensa suna nan,
iska na busa su,
ni ce kawai suke hana barci.